Injin Ruwan da 'Yan Duba-gari Suka Ɗauke a Gidan Makoki

Zuwa ga Mai girma Shugaban Ma'aikatan Duba-gari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya zafin nan, yaya fama da ɗaukewar lantarki? Allah ya saukar da ruwa, madatsai su cika, kowa ya huta.

Ranka ya daɗe, sunana Zainabu. Ina zaune a wani gidan haya a Bracodi, nan Adjamé, kuma ina da teburin atamfa a kasuwar Treichville, ko da yake rabona da shi yau kwana ɗari da bakwai. Mijina ne ya rasu, ina cikin takaba. Sunansa Sha'aibu, mai gyaran keke da mobilet, ƙananan baburan nan. Shekara goma sha bakwai muna tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, sai ga shi ofishinku ya sa na rubuta shi, tunda shi ne a kan takardarku.

Na aika maka wasiƙa biyu da Faransanci, ba amsa. Wannan ta uku na rubuta ta da Hausa da hannuna, don a karanta wa mutanenmu ita bayan sallar Juma'a, kai kuma za a kawo maka ta da harshen ofis. Akwai abin da nake so su ma su ji, domin laifin ba na mutanenka ba ne su kaɗai.

Na ɗaya, abin da aka ɗauka.

A takardar da ma'aikatanka suka bari, an rubuta cewa sun kama inji marar izini, mai haɗari. Bari in gaya maka abin da ke jikin wannan inji mai haɗari. Ƙafar keke ce ta baya, an cire mata taya. A kewayenta an ɗaure cokula ashirin da huɗu, kuma cokulan nawa ne, a cikin kayan aurena ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ta hararar maƙwabta. Sai dinamo irin na fitilar keke, sai ɗan bakin bututu na tagulla wanda raminsa bai fi kaurin fensir ba. Shi ke nan kayan.

A farkon aurenmu marigayi ya yi shekara biyu yana leburanci a wurin ginin babbar madatsar ruwa ta tsakiyar ƙasa. Bai yi boko ba, siminti yake ɗauka. Ya dawo gida da ciwon baya da kuma tunani guda da ya ƙi barinsa: idan ruwan kogi da ya faɗo daga sama yana haska birni, to ruwan ganga ma ba zai rasa abin da zai iya ba. Ya kafa ƙarafa a saman banɗakunan gidanmu, tsayin mutum uku, ya jera ganguna goma sha biyu a kai. A ƙasa ya gina kwarami na siminti mai murfi. In akwai lantarki, wani ɗan injin jan ruwa da ya tsinto wurin 'yan gwangwan a bayan unguwar 220 Logements yana ɗaga ruwan kwaramin zuwa gangunan, a kan mitarmu, ba ta kowa ba. In an ɗauke, sai ya murɗa famfo, ruwa ya sauko ta bututu ya bugi cokulan, ƙafar keke ta juya, dinamo ya ba da wuta. Ruwan nan guda shi ke hawa yana sauka kullum. Yakan ce mini: "Ni ba na yin lantarki, Zainabu. Ɓoye shi nake yi a sama kafin su ɗauke."

Unguwa ta yi masa dariya, aka sa masa suna Injiniya, kuma ba wanda ya kai ni dariyar. Masu wayo sun ce me ya hana shi sayen batirin mota kamar kowa. Ya saya, sau biyu, kuma sau biyu aka tsallako katanga aka ɗauke. Daga nan ya ce yana jiran ɓarawon da zai saci ganga goma sha biyu cike da ruwa.

Na biyu, dalilin da ya sa ya yi shi.

Ba fitila yake kunnawa da shi ba, ba rediyo ba. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu tun shekarar da fari ya cinye musu dabbobi a ƙasar Tahoua, ya je ya ɗauko ta. Tana da ciwon fuka. Ka san irin gidajenmu na Adjamé: ɗaki goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, rufin kwano, kowace mace tana girki da gawayi a ƙofar ɗakinta. In Inna ta fito, hayaƙi ya shaƙe ta. In ta zauna a ɗaki, kwano ya gasa ta. Daga azahar zuwa la'asar sai ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar tsohuwar ƙofa, tana dafe da bango tana neman iska. Likitan asibitin unguwa ya ba ta ƙwayoyi, ya ce a samar mata iska mai motsi da rana.

Muna da fanka ta lantarki, amma tun kafin farin bana ma unguwarmu ce ta farko a ɗauke, ta ƙarshe a maido. Sai ya ciro ƙaramar fanka daga gaban wata matacciyar gbaka, irin ƙananan motocin hayar nan namu, ya jawo mata waya daga dinamon, ya kafa ta a bango daidai kan gadon Inna. Ba wani ƙarfi gare ta ba, ranka ya daɗe, ko kallabi ba za ta ɗage ba. Amma gangunan nan in sun cika suna juya ta tun daga kiran azahar har a idar da la'asar, kuma wannan ɗan lokacin shi ne lokacin wahalar.

Shekara uku ya yi yana lanƙwasa cokulan nan da filaya kafin abin ya yi daidai. Ya dawo daga rumfa a gajiye, ya tsuguna, ya karkata wannan kaɗan, ya miƙe wancan kaɗan, ya saurari ƙarar, ya sake. Bai zana komai a takarda ba, bai koya wa kowa ba. Ranar da fankar ta fara kaiwa la'asar ba ta tsaya ba, Inna ta yi barcin rana, abin da ta shekara ba ta yi ba. Daga ranar na daina tambayar cokulana.

Na uku, laifinmu.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai tsutsar sauro a ruwan ranar da mutanenka suka zo. Ban ce sun yi ƙarya ba. Amma ina so ka san yadda aka yi ta samu wurin zama, domin a duk shekarun da yake raye ma'aikatanka sun shigo gidanmu ba adadi, sun leƙa randuna, sun leƙa kwaramin, ba su taɓa samun ko ɗaya ba. Ruwan da ke hawa da sauka kullum ba ya haifar sauro.

Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a rumfarsa, yana riƙe da sarƙar keken wani. Ba jinya, ba sallama. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka magadansa ni ce, da Inna, da ƙanensa Ilyasu da ke can Nijar. A al'adarmu, da zarar mutum ya rasu ba a taɓa kayansa sai magada sun taru an raba. Manyan unguwa suka zo, suka kulle rumfa, suka ɗaure famfon gangunan da waya, suka ce kada wanda ya murɗa shi sai Ilyasu ya iso. Niyyarsu mai kyau ce, tsoron haƙƙin wani suke yi. Sai dai sun ɗauki injin kamar akwatin tufafi ne da za a iya rufewa a ajiye. Masu zuwa gaisuwa kuma sun janye murfin kwaramin a kwanakin farko don ɗiban ruwan alwala, ba wanda ya mayar.

Ni na san ruwan nan ba ya son zama. Na sani sarai. Amma ina ɗaki, kaina a sunkuye, ga kunyar a ce matar ba ta ko share hawaye ba ta fara miƙa hannu kan gado. Na yi shiru, lokacin kuma zafi bai tsananta ba, Inna tana lallaɓawa. Wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da ke hana ni cin abinci har yau.

Na huɗu, ranar da aka zo.

Talata ce, kwana talatin da ɗaya da rasuwarsa, wajen ƙarfe goma na safe. Su uku ne, cikin kaki. Mazan gidan duk sun tafi nema. Babbansu ya leƙa kwaramin, ya ɗebo ruwa a kwalba ya ɗaga, ya kira mai kayan. Maƙwabciyata Maman Akisi, 'yar ƙabilar Baule mai sayar da aceke, dambun rogon nan, wadda muka shekara goma ƙofa da ƙofa, ta gaya musu mai kayan ya mutu, matarsa tana zaman makoki, ba ta magana da baƙin maza. Ta roƙe su da Faransanci, ta roƙe su da harshen Jula, ta ce su ba da kwana biyu a zubar da ruwan a wanke. Babban ya juyo wajen labulena ya ce, "Yako, madam," wato sannu da rashi. Sannan ya miƙa wa ƙaramin cikinsu diga.

Ina tsaye a bayan labule na ji an huda ganguna goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga su. Ruwa ya cika tsakar gida har ya kashe wa mata wutar girki, ya shiga ɗakin Inna ya jiƙa tabarmar sallarta. Tana tambayata ko ruwan sama ne.

Huda ganguna na gane, aikinku ne. Abin da ban gane ba shi ne ƙafar keken. Ba ruwa a cikinta, ba sauro a jikinta. Sun ga waya ta fita daga dinamo ta shiga ɗaki, suka yanke cewa satar wuta ce, ba su bi wayar sun ga inda ta tsaya ba, alhali taku shida ne. Na uku a cikinsu, wani dattijo mai furfura, na hango shi ta gefen labule ya sa yatsa ya juya ƙafar, ya tsaya yana kallonta har ta tsaya, ya tambayi Maman Akisi a hankali wane ne ya ƙera. Duk da haka shi ya ciccibe ta ya kai mota. Ban riƙe shi a zuciya ba, na ga alamar ba da son ransa ba ne.

Na biyar, zirga-zirgar da aka yi.

Tara an biya ta a makon, rasit yana hannuna, ba ita ce maganata ba. Takardarku ta ce kayan suna furiyar, wato ma'ajiyarku ta kayan kamu da ke Treichville, kuma in mai su bai zo da kansa cikin kwana casa'in ba, za a haɗa su da sauran ƙarafa a sayar wa 'yan gwangwan.

Ilyasu ya iso ranar addu'ar arba'in. Washegari ya je ofishinku da takardar rasuwa. Magatakarda ya duba katinsa, ya duba na marigayi, ya ce ba abin da ya nuna su 'yan uwa ne, sunayensu na biyu ba ɗaya ba. Gaskiya ne ba ɗaya ba: a wurinmu wani da sunan uba ake rubuta shi, wani da na kaka, ya danganta da wanda ya kai shi gaban mai rubutu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kamanninsu ma ya isa shaida, amma magatakarda ba fuska yake karantawa ba. Ilyasu ya je sau huɗu, guzurinsa ya ƙare, ya koma gida. Kafin ya tafi ya ce a gaban shaidu ya bar wa Inna rabonsa na injin.

Aka ce to matar ta zo, tunda ina da takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari. Aka gaya musu ina takaba. Suka ce in ba wani takardar wakilci. Aka je neman takardar wakilci, sai aka ce dole in zo meri da kaina in sa hannu a gaban jami'i. Wato don kada in fita, sai na fita. Ranka ya daɗe, na yi makaranta har aji shida, amma wannan lissafin ya fi ƙarfina.

Siaka, aminin marigayi, Bajule mai walda, ya je ya leƙa ta shingen furiyar ɗin makon jiya. Ya ce ƙafar keken tana nan, an jingine ta tsakanin teburan 'yan talla da amalanken da aka kama, rana na dukanta, dinamon ya fara tsatsa, mai gadi yana shanya rigarsa a kanta. Daga wurin zuwa teburina na kasuwa ba a yi tafiyar minti goma ba.

Na shida, halin da ake ciki.

Kada ka ɗauka mun zauna jiranku kawai. Mutanen da suka ɗaure famfon nan da waya su ne suka fara jin kunya, suka haɗa hannu suka kawo ganguna goma sha biyu, Siaka ya ɗora su, ya yi wa kowace murfi mai ƙugiya. Injin jan ruwa yana nan lafiya. Ƙafar keken ce ta gagara. Siaka ya ƙera sau biyu, da sabon wili da sababbin cokula, kuma shi gwani ne a sana'arsa. Ta farko ta watsa ruwa ko'ina ta ƙi ɗaukar dinamo. Ta biyu ta juya fankar, amma ta shanye gangunan cikin rabin awa. Ya zauna a bakin kwaramin ya ce, "Madam, wallahi hannun mutumin nan ne, ba cokali ba ne." Ya aro mana batirin mota tsoho, ya yi sati ɗaya ya mutu.

Yanzu kuwa zafi ya kai inda ya kai, kuma kusan kullum da rana ake ɗauke mana wuta. Ni ce fankar. Daga azahar zuwa la'asar ina zaune a bakin gadonta da mafici, in hannun dama ya mutu in koma hagu, in duka sun mutu Maman Akisi ta bar kaskonta ta karɓe ni. Amma hannu yana tsayawa, ga salla, ga girki. Sau biyu a watan nan numfashin Inna ya sarƙe har leɓenta ya canza launi, aka ɗauke ta a tasi zuwa asibiti. A na biyun likita ya ce zuciyarta ta gaji, kada a bari a yi na uku. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe. Ban gama kukan ɗanta ba, kuma ita kaɗai ta rage mini a garin nan da zan kalla in ga fuskarsa.

Na bakwai, abin da ya hana ni zuwa.

Na san wani zai ce ai addini bai hana mai takaba fita da rana don lalura ba. Haka ne, Liman da kansa ya aiko mini da wannan magana, Allah ya saka masa. Ba addini ne ya tsare ni ba, Inna ce. Ranar da ta ji ana shawarar in je, ta kama hannuna da maficin a ciki, tana haki, ta ce: "Ɗiyata, bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Zaman nan naki shi kaɗai ya rage mishi. In kin taka ƙofar gidan ga saboda ni, ban yafe ba. Ni na iya da zafi." Haka ta ce, kuma ba ta iya da zafin ba, ni ce shaida.

Ga lissafin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Wa'adinku zai cika ranar Litinin, kwana goma sha huɗu daga yau, ranar da nake da kwana ɗari da ashirin da ɗaya. Takabata za ta ƙare a kwana ɗari da talatin. Kwana tara ne tsakani.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah, ɗaya daga cikin abu uku. Ka ba da umarni a miƙa wa Siaka injin a gaban Liman da mai unguwa, su sa hannu a madadina. In hakan ya saɓa wa dokarku, ka turo jami'i ɗaya gidanmu, zan miƙo hannu ta bayan labule in sa a duk takardar da ya kawo, ya kuma duba murafen gangunan da idonsa. In wannan ma ya yi nauyi, to a cire shi daga kayan gwanjo, a shigar da shi inuwa, a jira ni kwana tara. Ban nemi a hukunta kowa ba. Ina dai roƙo a gaya wa ma'aikatanka, in sun shiga gida suka tarar ana makoki, su tambaya kafin su ɗaga diga. Mutanenmu kuma da ke jin wannan takarda a masallaci, in wani ya rasu ya bar abin da rai ya dogara a kansa, a bar shi yana aiki, a raba gadon daga baya.

In ranar Juma'a ta ƙarshe kafin wa'adin ta zo ban ji daga gare ka ba, zan fito. Zan lulluɓa, in hau bas, in tsallaka gada, in zo in tsaya a gaban magatakardanka da takardar aurena. Duk wanda ya gan ni a hanya ranar, ya san ba kasuwa za ni ba. Na san abin da zan tarar in na dawo: Inna za ta juya fuskarta bango, mai yiwuwa ba za ta ƙara kirana ɗiyarta ba har abada, kuma ita ba ta faɗin magana ta janye. Na auna, na ɗauka. Gara ta yi fushi da ni tana numfashi.

Kai kaɗai za ka iya raba ni da wannan tafiya, da sa hannu guda. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da iyalinka daga irin ranar da ta same mu. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ba ta tsawon rai da sauƙin numfashi. In ta riga mu, Allah ya sanyaya makwancinta.

Wassalam.

Zainabu, matar marigayi mai gyaran keke,
Bracodi, Adjamé.